Hayaƙin da ya haura bene: gobarar Ostareliya da kulorin ɗin da ta tayar daga barci

Ran 31 ga Disamba 2019, a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Mallacoota a jihar Biktoriya ta Ostareliya, gari ya waye sannan ya sake yin duhu. Da hantsi ne, amma mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Can sai sama ta rine ta koma ja wur kamar garwashi. Mutum wajen 4,000, 'yan gari da masu yawon hutun ƙarshen shekara, sun taru a bakin ruwa saboda wuta ta datse hanyar mota ɗaya tilo da ke fita daga garin. Sai bayan kwana uku jiragen ruwan soja suka fara kwashe su.

Wannan shi ne abin da duniya ta gani a talabijin. Abin da ya faru a saman kawunansu, kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, bai shiga labarai ba sai daga baya, kuma shi ya fi ɗaure wa masana kai.

Iskar da muke shaƙa kusan duka abu biyu ce: naitirojin kashi 78 cikin ɗari, oksijin kashi 21. Ɗan abin da ya rage, idan aka cire wani gas mai suna agon, shi ne gas-gas masu ƙaramin kaso. (Na so in ce "iskoki", sai na ga za a ɗauka zancen bori nake.) A cikinsu akwai kabon dayokzayid, da mitan, da ozon, da kabon monokzayid, wanda shi ne ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki, da kuma dangin kulorin. Kamar gishiri suke a tukunya, ba su da yawa amma su ke yanke wa miya hukunci. Ozon ɗin da ke tare mana zafafan haskoki masu ƙona fata, da za a tattaro shi duka a sauko da shi ƙasa a shimfiɗa, kaurinsa ba zai wuce milimita 3 ba. Abin da ya sa ake damuwa da inda waɗannan gas suke tafiya ke nan, domin abu kaɗan idan ya sauya wuri sai a ji a jika.

Sararin sama kuwa bene ne. Hawan ƙasa shi ne inda muke, inda ake hadari da ruwa da hunturu da ƙura. A nan iska tana juyawa kullum, kuma ruwan sama yana wanke ta. Hayaƙin da manomi ya tayar a ƙonan gona ko na masu farauta da suka cinna wa daji wuta a watan Janairu ba ya daɗewa, cikin kwanaki ko 'yan makonni ya sauka. Hawan sama, wanda masana ke kira sitiratosfiya, daban yake. Babu ruwan sama a can, iskar a bushe take ƙamas, kuma tana kwance hawa-hawa ba ta son a dama ta, domin a can sama-sama ta fi ɗumi, kuma iska mai sanyi ba ta hawa kan mai ɗumi. Tsakanin hawa biyun akwai rufi, wanda tsayinsa ya kai kilomita 16 zuwa 17 a yankuna masu zafi irin namu, ya sauko zuwa 8 ko 9 a ƙuryoyin duniya, wato can ƙarshen arewa da ƙarshen kudu.

Benen yana da matakala, kuma a yankin zafi take. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Brewer, ya gano haka a 1949 bayan ya auna danshin iska da jiragen sama, ya ga ta bushe fiye da yadda sanyin saman Ingila zai iya busar da ita. Ya ce lallai ta wani wuri mai tsananin sanyi ta shigo, inda tururin da ke cikinta ya daskare ya zube, kuma babu irin wannan wuri sai rufin da ke saman yankin zafi, inda sanyi kan kai digiri 80 ƙasa da sifili. Gordon Dobson ya kawo hujja irin wannan daga ozon: a yankin zafi rana ke ƙera shi, amma a wajen ƙuryoyin duniya ya fi taruwa, ke nan wani abu ne ke jigilarsa. Ana kiran wannan kewayawa da sunayen su biyun. Tafiyar hawainiya ce, ba ta cika kilomita ɗaya a wata ba wajen hawa, kuma iskar da ta shiga ta saman yankin zafi sai ta yi shekaru kafin ta sauko ta wajen Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudu.

To gobarar Ostareliya ba ta bi matakala ba. Ta rufi ta faso.

Idan wuta ta yi girma sosai kuma iskar sama ta ba ta dama, zafinta yana tunkuɗa hayaƙi sama da ƙarfi har tururin da ke ciki ya zama girgije. Girgijen yana haɗa hadari nasa na kansa, da tsawa da walƙiya, sai dai galibi ruwan ba ya isowa ƙasa. Walƙiyar tana kunna sabuwar wuta a gaba, iskar da ke faɗowa daga ciki tana watsa tartsatsi ko'ina. A ran 30 ga Disamba, kusa da iyakar Biktoriya da Niyu Sawut Wels, irin wannan iska ta ɗaga motar kashe gobara ta kifar da ita, ɗan sa-kai ɗaya ya rasu. Bishiyar da ta fi yawa a dazukan nan mun san ta, ita ce bishiyar turare da aka kawo mana aka jera a gandun daji da bakin hanyoyi. Duk wanda ya taɓa jefa ganyenta a wuta ya ga yadda man da ke ciki ke kamawa fuu. A can kuwa daji ne guda nata, ga ɓawonta da ke saɓulewa ya tashi da wuta a jikinsa ya faɗa nesa.

David Peterson na cibiyar binciken sojan ruwan Amurka da abokan aikinsa sun ƙirga irin wannan hadarin wuta guda 38 tsakanin 29 zuwa 31 ga Disamba da kuma 4 ga Janairu. Kowanne tamkar bututun hayaƙi ne da aka miƙa har cikin hawan sama. Ƙiyasin nauyin hayaƙin da ya shiga ya bambanta daga tawaga zuwa tawaga, daga tan 400,000 zuwa sama da tan miliyan 1, amma duk sun yarda ya ninka na gobarar yammacin Kanada ta 2017, wadda ita ke riƙe da kambu kafin nan. Tun da aka fara lura da sararin sama ta hanyar taurarin ɗan'adam, dutse mai aman wuta kaɗai aka sani da aika-aika mai girman wannan.

Hayaƙin da ya tsaya a hawan ƙasa ya yi nasa yawon. Ƙanƙarar duwatsun Niyu Zilan ta koma launin ruwan ƙasa, sama ta yi ja a Okland ran 5 ga Janairu, bayan 'yan kwanaki aka gan shi a Cile da Ajantina. Na'urar TROPOMI da ke kan wani tauraron Turai ta bi sawun kabon monokzayid, kuma daga nan aka lissafa cewa wutar ta saki kabon dayokzayid tan miliyan 715 tsakanin Nuwamba da Janairu, fiye da abin da motoci da masana'antu da tashoshin lantarkin ƙasar ke fitarwa a shekara. Tokar da ta zuba a Tekun Kudu ta kai wa ruwan sinadarin ƙarfe, ƙananan tsirran ruwa suka yi tsiro mai faɗi har ana hango shi daga sama.

Na saman ne ya yi abin da ba a taɓa rubutawa ba. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi a rana. Kunkunniyar da ke cikin hayaƙin ta riƙa shan hasken rana tana ɗumama iskar da ke kewaye da ita, iskar ta yi sauƙi ta ci gaba da hawa da kanta. Juyawar duniya kuma ta sa dunƙulen ya fara kewayawa, ya zama guguwa mai faɗin kilomita 1,000 wadda ta naɗe hayaƙin a cikinta ta hana shi watsewa. Sergey Khaykin da abokansa a Faransa sun bi ta mako 13. Ta yi tafiyar kilomita 66,000, ta ratsa ta ƙarshen Kudancin Amurka, ta hau har kilomita 35, wato ninki uku na inda jirgin alhazai ke tashi. Abin da matakalar Brewer da Dobson za ta yi shekaru tana yi, guguwar ta yi shi cikin wata uku. A cikinta kuwa iskar ƙasa ce zalla: danshi, kabon monokzayid, da ƙarancin ozon. Duk inda ta bi sai na'urori su nuna ɗan rami a cikin ozon yana tafiya tare da ita, kamar mutum ya shiga taro da laima.

Sauran hayaƙin ya bazu ya zagaye kudancin duniya, ya ɗumama ƙasan hawan sama fiye da duk abin da aka gani tun bayan aman dutsen Pinatubo na Filifin a 1991. Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce abin mamaki ne na wata uku. Sai ga alƙaluman kulorin sun fara karkacewa.

Kulorin ɗin da ke hawan sama mafi yawansa mu muka kai shi. Daga gas ɗin firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi ya fito, wanda ake kira CFC. Na sha tsayawa a rumfar mai gyaran firji ina kallo ya huda bututun tsohon firji na gwanjo, gas ya fita tsiii na 'yan daƙiƙu, ya ce "ya ƙare", ya ɗauko sabon tulu. Bai ƙare ba. Idan irin na dā ne da masu gyara ke kira R-12, yana iya yin shekara 100 a sararin sama. Ba ya narkewa a ruwa, ba ya haɗuwa da komai, sai ya yi ta yawo har ya samu matakala ya hau, a can hasken rana ya fasa shi ya saki kulorin. Ƙwayar kulorin ɗaya tana iya rusa dubban ƙwayoyin ozon kafin wani abu ya kama ta.

Sa'ar da aka ci ita ce mafi yawan kulorin ɗin a ɗaure yake. Yana zaune cikin sinadarai biyu da ba sa taɓa ozon, haidirojin kulorayid da kulorin naitiret, kamar kare biyu a turke. Bayan masanan Birtaniya sun ba da rahoton ramin ozon na Antaktika, wato wurin da ozon ya yi ƙaranci sosai, a 1985, Susan Solomon ce ta bayyana abin da ke kwance su. A lokacin sanyin Antaktika, idan sanyi ya wuce digiri 78 ƙasa da sifili, wani irin siririn girgije yana fitowa a hawan sama. A jikin ƙwayoyinsa sinadaran biyu ke haɗuwa su saki kulorin, rana na fitowa a Satumba ya faɗa wa ozon. Ta jagoranci tawaga zuwa Antaktika a 1986 suka auna suka tabbatar. Shekara 30 da 'yan kai ana koyar da haka: in babu matsanancin sanyi, kulorin yana turke.

A 2020 sai na'urori biyu suka ga abin da ya saɓa wa littafi. Ɗaya tana kan tauraron Aura na hukumar NASA, ɗayar kan tauraron SCISAT na Kanada. A saman yankunan da ke daidai da Ostareliya da Niyu Zilan da kudancin Afirka, inda sanyin bai kusa kai na Antaktika ba, haidirojin kulorayid ya faɗi ƙasa da duk abin da aka taɓa aunawa, kulorin mai cin ozon kuma ya ƙaru. Peter Bernath da abokansa sun wallafa ma'aunan SCISAT a mujallar Science a 2022. An gwada bayanin da aka saba yi wa ƙurar dutse mai aman wuta, ya warware wani sashe, amma bai bayyana ɓacewar haidirojin kulorayid ba.

Solomon ɗin dai ce, a lokacin tana jami'ar MIT ta Amurka, ta dawo da amsa a mujallar Nature a Maris 2023. Hayaƙi idan ya yi watanni a sama yana tsufa. Ƙwayoyinsa suna sauyawa su zama ɗigon ruwa-ruwa mai ɗauke da sinadaran da suka samo asali daga itace. Tawagarta ta koma tsofaffin ma'aunan ɗakin gwaji ta tarar haidirojin kulorayid yana narkewa a irin waɗannan sinadarai cikin sauƙi ba tare da neman sanyin Antaktika ba. Da suka sa wannan a lissafin kwamfuta, alƙaluman suka zo daidai da abin da taurari suka gani. Ƙiyasinsu shi ne hayaƙin ya rage ozon da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a tsakiyar kudancin duniya, ya kuma faɗaɗa ramin Antaktika na 2020 da murabba'in kilomita miliyan 2.5, fiye da Nijeriya da Nijar a haɗe. Ramin na wannan shekara ya kai murabba'in kilomita miliyan 24.8 a Satumba, bai rufe ba sai ƙarshen Disamba. Ba duka laifin hayaƙi ba ne, domin iskar da ke kewaye Antaktika ta yi ƙarfi da sanyi a shekarar, kuma hakan kaɗai yana girmama rami.

Kashi 3 zuwa 5 kamar ba komai ba ne a kunne. Amma tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta kai ga daina ƙera CFC a duniya baki ɗaya a 2010, ozon na waɗannan yankuna yana farfaɗowa ne da ɗan kashi kaɗan a kowace shekara goma. Wuta ta mako ɗaya ta cinye ribar shekaru, ko da yake na ɗan lokaci ne, domin hayaƙin ya sauka daga baya.

Saura tambayar da ta fi wuya: nawa ne rabon ɗumamar yanayi a ciki? A nan nake ganin ɓangarori biyu, masu ɗora mata laifin duka da masu wanke ta fes, duk sun yi azarɓaɓi. Dajin turare da wuta tare suka taso, kuma 2019 ta zo da abubuwa biyu da ba ɗan'adam ya haddasa su kai tsaye ba. Tekun Indiya ya karkata, yammacinsa ya yi ɗumi gabashinsa ya yi sanyi, sai ruwan ya koma Gabashin Afirka, inda aka yi ambaliya kuma farin ɗango ya samu wurin hayayyafa, Ostareliya kuwa ta tashi da ƙarancin ruwan sama. Na biyun ya fi ban sha'awa, domin daga hawan sama ya sauko. A Satumba 2019 iskar saman Antaktika ta ɗumama kwatsam, abin da ba kasafai ake gani a kudu ba. Wannan ya sa ramin ozon na 2019 ya zama mafi ƙanƙanta tun 1982, har aka yi murna. Amma tasirinsa ya gangaro a hankali ya tura busasshiyar iskar yamma mai zafi kan gabashin Ostareliya daga Oktoba zuwa Disamba. Hawan sama ya hura wutar, wutar ta mayar masa da hayaƙi.

Duk da haka waɗannan abubuwa sun sauka ne a kan ƙasar da ta riga ta ƙara zafi da kusan digiri 1.4 tun 1910. Shekarar 2019 ita ce mafi zafi kuma mafi bushewa a tarihin ma'aunan ƙasar, ruwan sama ya ragu da kashi 40 cikin ɗari. Ran 18 ga Disamba matsakaicin zafin rana na ƙasar baki ɗaya ya kai digiri 41.9, wato ka ɗauki zafin Sakkwato na watan Afrilu ka shimfiɗa a kan nahiya guda. Ran 4 ga Janairu, ranar babban hadarin wuta na ƙarshe, unguwar Penrith a yammacin Sidni ta kai 48.9. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta lissafa cewa ɗumamar yanayi ta ƙara yiwuwar irin wannan yanayin gobara da aƙalla kashi 30 cikin ɗari, suka kuma ce lissafin nasu ya fi kusa da ragewa bisa ga ƙarawa. Hekta sama da miliyan 24 ta ƙone, kamar jihar Neja sau uku. Mutum 33 wuta ta kashe kai tsaye, hayaƙi kuma an ƙiyasta ya kashe sama da 400.

Ita matakalar ma ba a tsaye take ba. Yayin da hawan ƙasa ke ɗumama yana kumbura, rufin yana ɗagawa da 'yan gomman mitoci a kowace shekara goma, hawan sama kuma yana sanyi yana tsukewa. Kusan duk lissafin kwamfuta ya nuna kewayawar Brewer da Dobson za ta ƙara sauri. Idan haka ta tabbata, za ta fitar da CFC da wuri, abin so ke nan, amma za ta riƙa kwashe ozon daga saman yankin zafi tana kai shi kudu da arewa, kuma mu ne ke ƙarƙashin yankin zafin. Masana suna auna wannan ta hanyar "shekarun iska", wato tsawon lokacin da ta yi tun shigarta hawan sama, da taimakon gas irin su SF6 da ake sa wa manyan na'urorin lantarki. A ƙasan hawan sama ma'aunai sun goyi bayan lissafin. A tsakiyarsa, balan-balan ɗin da aka yi shekaru ana tayarwa a arewacin duniya ba su nuna saurin ba, kuma har yau ana muhawara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jadawalin warkewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ce ozon zai koma matsayinsa na 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, 2045 a Aktik da ke ƙuryar arewa, 2066 a Antaktika. Lissafin yana kallon raguwar kulorin ne, kuma gaskiya yana raguwa. Amma tsakanin yau da 2066 kulorin mai yawa yana nan a turke a sama, kuma yanzu an san cewa hayaƙi ma yana iya kwance shi, ba sai sanyi ba. Shekara da shekaru ana ware maganar ozon da ta ɗumamar yanayi, har malamai na gyara wa ɗalibai cewa kada su cakuɗa su, kuma gyaran daidai ne. Ga shi wuta ta cakuɗa su da kanta. Shekara uku da rabi bayan gobarar Ostareliya, a 2023, Kanada ta ƙone hekta sama da miliyan 15, har sama ta yi ja a Niyu Yok a watan Yuni, sai dai mafi yawan wannan hayaƙin bai haura bene ba.

Na'urori biyun da suka kama wannan al'amari kuwa tsofaffi ne. An harba SCISAT a 2003 da niyyar ya yi aikin shekara 2. An harba Aura a 2004 da niyyar shekara 6. A lokacin da mutanen Mallacoota ke tsaye a bakin ruwa, dukansu sun daɗe da wuce wa'adinsu.